Askar da ake sa wa reza: yadda ake zaɓenta da yadda ake riƙe ta

Wani matashi daga Sabon Gari, nan cikin garin Tawa, ya aiko mini da tambaya. Ya ce bara da ya dawo daga bida a Abijan ya taho da wata aska mai naɗewa, irin wadda ake karya reza biyu a sa mata rabi. Sau uku yana gwada ta a fuskarsa, duk ukun sai da ya fitar da jini, bayan kwana biyu kuma ƙuraje suka feso masa a wuya. Yana da ƴar rumfar aski, da inji yake aiki, in wuta ta ɗauke sai zaman jira. Yana so ya san ko askar ce ba ta da kyau, wace iri ya kamata ya saya, wace reza zai sa mata, kuma yaya ake yi hannu ya faɗa.

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni wanzanci gadonsa na yi. Na buɗi ido na ga zabirar mahaifina rataye a zaure, kuma yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ina aski, kusan rabinsu da askar maƙera, sauran da wannan da kake tambaya a kai. Abin da zan fara gaya maka shi ne, a ido kamar askar wanzami take, amma halinta na reza ne. Duk wanda ya riƙe ta da ƙarfin da ake riƙe askar gargajiya, ko ya danna ta yadda ya saba danna ƴar rezar nan ta roba mai sanda, to jini zai gani.

Ina tuna marigayi Baba da safiyar Lahadi, ranar kasuwar Tawa. Kafin mutum na farko ya zauna, ya shimfiɗa tabarma, ya zaro asakensa daga zabira, ya ɗiga ruwa a kan dutsen washi. Ya wasa wannan gefe, ya juya wancan, ya goga a fata, ya ƙarasa a tafin hannunsa, sannan ya ɗora a gashin hannunsa ya ja kaɗan. In gashin bai zube da kansa ba, ya koma dutse. Rabin gwanintar wanzami a washi take. Askarsa tana da kauri a baya, ta sirance zuwa baki, tana da nauyin da ke tafiyar da ita, kuma ba ta lanƙwasa. In hannu ya ɗan kauce, ƙarfen yakan yi maka afuwa. Reza, wadda mu nan muke ce wa lam, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kamar fallen takarda. Inji ne ya wasa ta a masana'anta, ya fitar mata da kaifin da hannu ba ya cika kaiwa. Ba ta da nauyi, tana iya rawa in ba a matse ta ba, ga kusurwa biyu masu tsini a ƙarshenta. Ta ɗauke maka wahalar washi gaba ɗaya, amma ta mayar da duk nauyin aikin kan yatsunka.

Rezar nan mai baki biyu ma ba don wannan aska aka ƙirƙiro ta ba. Wani Ba'amurke ne, King Gillette, ya fara sayar da ita a 1903, tare da ɗan mariƙi mai katanga da ke tsare fata, kuma a shekarar farko mariƙi 51 da reza 168 kawai ya sayar. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa. Masu aski ne suka ga amfanin karya ta biyu a sa a jikin aska mai naɗewa, har kamfanin Dovo na garin Solingen a Jamus ya raɗa wa tasa suna Shavette, sunan da yanzu ƴan kasuwa suke kiran duk ire-irenta da shi. Ka lura da wannan: an cire wa rezar katangar da aka yi ta da ita, an bar ta tsirara. Katangar yanzu hannunka ne.

To wace za ka saya? Iri uku ne za ka ci karo da su. Akwai mai leɓe biyu, wadda ƙarfenta ke buɗewa kamar almakashi, da ƴan ƙusoshi biyu a ciki inda rabin rezar ke zama, sai ka haɗe leɓɓan ka rufo maƙulli daga baya. Kamfanin Parker na Indiya yana yin irinta, ga kwaikwayonta birjik a kasuwa. Ita nake ba yarana masu koyo, ita kuma nake so ka saya, saboda tana matse reza tun daga wannan ƙarshe har wancan, kuma tana buɗewa fayau a wanke cikinta. Akwai mai harshe, wadda ake zaro wani ɗan ƙarfe ko roba daga cikinta, a ɗora reza a mayar, ko kuma a tura rezar kai tsaye cikin tsaga. Tana da saurin sauyi, amma in ta kwana biyu tsagar takan saki, kuma datti yana ɓuya a inda ido ba ya kaiwa. Ta uku ita ce ta Japan, irin ta kamfanin Feather da suke kira Artist Club. Wannan tana da rezarta ta daban, doguwa, kusan milimita 50, mai kauri, ba ta rawa. Na taɓa aiki da ita, kuma gaskiya aska ce. Sai dai tana da tsada, kuma ni ban taɓa ganin rezarta a teburin mai kayan koli na unguwa ba. Askar da sai ka aika Yamai ko ƙasar waje kafin ka sami abin sa mata, ranar da kake da layin mutane ba za ta yi maka rana ba.

In za ka kasuwa, tafi da rezarka a aljihu da tsinken ashana guda. Kada kyallin ƙota ya ruɗe ka. Roƙi mai kaya ya bari ka sa rezar, ka rufe, ka ɗaga ta saitin haske. Bakin rezar ya leƙo daidai wa daida daga farko har ƙarshe, kamar milimita ɗaya zuwa biyu. In gefe ɗaya ya fi fitowa, ajiye ta. In ya leƙo da yawa, ajiye ta, don rezar za ta riƙa karkarwa a kan gashi mai tauri. Sannan ka sa tsinken ashana ka ɗan tura gefen rezar, ba kaifin ba. Ko motsi kaɗan ta yi, ba ta yi ba. Duba kusurwoyin nan biyu: askar kirki takan rufe su ko ta bar ɗan kaɗan, mara kyau takan bar su a waje kamar ƙahon rago. Daga nan buɗe ƙotar rabi ka kifa ta. In ta faɗo da kanta, ƙusar mahaɗin ta yi sako-sako, wata rana a kan yatsanka za ta rufe. Jikin kuma ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, za ka ga an rubuta inox ko stainless. Mai fentin azurfa a kan baƙin ƙarfe, wata biyu na wanki ya isa fentin ya fara ɓarewa, tsatsa ta shiga. Araha ba ta ado. Kuma ka zaɓi mai ɗan nauyi a hannu, don mara nauyi ita ke sa mutum dannawa bai sani ba.

Reza kuwa kowa da wadda ta karɓi hannunsa. Za ka ga Lord da Shark na Masar, Derby ta Turkiyya, Super-Max ta Indiya, Dorco ta Koriya ta Kudu, da Astra da Nacet. A nawa hannun, Derby da Shark suna da sauƙin kai, su suka dace da mai koyo. Astra da Nacet sun fi su ci, sun fi dacewa da gemu mai tauri in hannu ya riga ya zauna. Feather ta fi duka kaifi, kada ka fara da ita. Sayi ƙaramin kwali na iri biyu ko uku ka gwada, wadda ta yi maka sai ka ɗauki babban kwali mai 100, wanda in ka karya zai ba ka kai 200. Akwai ma waɗanda aka riga aka raba tun daga masana'anta, sun fi zama daram. Ka yi hattara da jabu: rubutun kwalin yakan yi dishi-dishi, takardar ciki ba ta naɗu da kyau ba, kuma tun jan farko za ka ji tana fizgar gashi.

Wajen karyawa, kada ka fitar da ita daga takardarta. Riƙe ta da yatsu huɗu, ka ninke ta a tsawonta ta bin ramin tsakiya, za ka ji ƙas. Buɗe takardar ka ɗauki rabin ta gefe. Inda ta karye yakan ɗan lanƙwashe, to ka tabbata ya kwanta sosai kafin ka rufe maƙulli. Kada ka goge kaifin da tsumma ko yatsa, akwai wani siririn shafe da ake yi masa don ya riƙa sulɓi, gogewa tana cire shi. Kada kuma ka ce za ka wasa ta a tafin hannu irin na Baba. A fuskarka kai kaɗai, rabi ɗaya zai yi maka aski biyu, in ya daɗe uku. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun sa reza ƙarƙashin na'urar ƙara girma suna kallon yadda take yanka gashi. Suka ga cewa gashi, duk da ya fi ƙarfen laushi sau 50, ɓantarar bakin rezar yake yi ƙanana-ƙanana, musamman in ya lanƙwashe a gabanta. Abin da hannunmu ya daɗe da sani ke nan: gashinmu mai murɗewa yana cin reza da wuri, kuma dasasshiyar reza ta fi sabuwa yanka mutum, don ita ke sa ka ƙara ƙarfi.

Yanzu ga inda nake zargin ka fara kuskure, tun kafin aska ta taɓa fuska. Busasshen gashin gemu kamar waya yake. In ya sha ruwa minti biyu zuwa uku sai ya yi laushi, ƙarfin da ake bukata a yanke shi ya ragu ƙwarai. Wanke fuska da ruwan ɗumi da sabulu, ka jiƙa ƙaramin tawul ka lulluɓe gemun, ka ba shi lokacinsa. In gashin ya yi tsawo, fara rage shi da inji ko almakashi. Dattawa da ruwa zalla suke aske kai, amma wannan da askarsu ce. Reza tana son santsi. Nemi sabulun aski ko man aski na matsawa, ka kaɗa da burushi har kumfar ta yi laushi da sheƙi, mai ruwa-ruwa, ba busasshiya mai tudu ba. Sabulun wanki yana ƙona fuska, bar shi. Mu nan Adar muna da abokan gaba biyu. Da hunturu iska tana busar da kumfa kafin ka gama kunci ɗaya, don haka shafa wa inda za ka aske yanzu kawai, in ta bushe ka sake jiƙawa. Da bazara kuma gumi ke sa yatsu zamewa. Jiƙa yatsun hannun da kake jan fata da shi ka goga a alif, za ka ga sun kama fatar kamar an sa danƙo.

Riƙon kuma ga yadda yake. Buɗe askar har ƙotar ta wuce ta miƙe sama. Babban yatsa a ƙarƙashin wuyan askar kusa da reza, yatsu uku a bisa, ƙaramin yatsa a kan ƴar wutsiyar nan mai lanƙwasa, ƙotar ta fito tsakaninsa da na kusa da shi. Riƙon alƙalami, ba riƙon wuƙar fawa ba. Kwantar da askar a kunci gaba ɗaya, sannan ka ɗaga bayanta kaɗan, gwargwadon yadda tsinken ashana ɗaya ko biyu zai shige. Littattafan aski sukan ce digiri 30, amma wannan na askar gargajiya ne, ta reza ƙasa da haka take so. In ka miƙar da ita da yawa kankara za ta yi, fuska ta yi raɗaɗi. Ɗaya hannun ya riƙe fata daga bayan askar, ba daga gabanta ba. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, kana bin inda gashin ya kwanta. Nufinka ka kwashe kumfa kawai, gashin zai biyo ta. Kasa kunne ma: in kwanciyar ta yi daidai za ka ji wani siririn ƙarat-ƙarat, in ka ji shiru ta kwanta da yawa, in ka ji gurza ta miƙe.

Yanka kuwa ta hanya uku yake zuwa, kuma na tabbata ɗaya daga ciki ce ta same ka. Ko ka ɗora kaifin a fata ka tsaya kana shawara, ko ka ja ta gefe ta bin tsawon kaifin kamar mai yanka albasa, ko kusurwar gaba ta nutse a inda fuska ta lotsa, kamar gindin kunne da gefen hanci. Maganin na farko, hannu ya riga ya fara tafiya kafin kaifi ya sauka, kamar yadda shirwa ke sauka tana tafe. Maganin na biyu, duk lokacin da za ka sauya wuri ɗaga askar gaba ɗaya. Maganin na uku, ka san inda tsinin yake a kowane ja, a wurare masu lotsawa ka yi aiki da tsakiyar rezar.

Kada ka ce rana ɗaya za ka aske fuska duka. Yarana da balan-balan suke farawa: a hura, a shafa kumfa, a kwashe ba tare da ta fashe ba. Daga nan ƙwaurinsu. Sannan kunci, daga saje zuwa ƙasa, mako guda cur, sauran fuskar a ƙarasa da abin da aka saba. Haɓa da ƙarƙashin hanci su ne ƙarshe. A muƙamuƙi, jawo fatar sama ta hau kunci sai ka aske ta a shimfiɗe. A zakaran wuya, ja fatar gefe, kada ka bi ta kan ƙashin. A ƙarƙashin leɓe, tura harshe ya cike gurbin. In ka zo aske kan mutum, fara shafa kan duka da yatsu, ka nemo ƙurji, tabo, ko tawadar Allah da gashi ya rufe. Fara daga tsakiya ka gangaro, a ƙeya ka sa ya sunkuya don naɗin fatar ya buɗe, bayan kunne ka ninke kunnen da yatsa. Hausawa suka ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a aikace haka ne, don a nan rezar ta riga ta gaji, kai ma ka ƙosa ka gama. In ka ji ta fara ja, sauya rabi, kai ɗaya ya ci biyu ba asara ba ce. Kan da ke da makero ko miki kada ka ɗora masa aska, tura shi wurin likita. Askin suna kuwa, ina roƙonka, kada ka karɓa sai ka shekara biyu kana aske manya. Fatar jariri kamar ta albasa take, ga maɗiga tana bugawa a ƙarƙashin yatsanka.

Ƙurajen wuyanka ba cuta ce ka ɗauka ba. Gashinmu a murɗe yake fitowa. In ka ja fata da ƙarfi, ka aske ta saɓanin kwanciyar gashi, sai a yanke shi ƙasa da bakin fata, da tsini kamar allura. Da ka saki fatar ya koma ciki. Yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata, jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Askar reza ta fi kowace jawo wannan in aka bi son a ga fuska sumul. Don haka bar wuyan ya huta mako uku zuwa huɗu, ka riƙa rage shi da inji kawai. Kullum ka sa tawul mai ɗumi, ka goga da burushi mai laushi don kawunan gashin su fito. Wanda ka ga ya lanƙwasa ya shige, ɗago bakinsa da allura mai tsabta, kada ka tuge shi. In ya warke, bar gemun kwana uku ka tsaya gaban madubi ka shafa, ka gane inda kowane yanki ya kwanta, don gashin wuya sau da yawa gefe yake bi, wani ma sama. Bi shi sau ɗaya tak, ba maimaici, ba jan fata sosai. Bayan aski ruwan sanyi, sai ɗan man kaɗe. Kada ka kwarara turare a kai, kada ka shafa man bilicin. Akwai kuma wanda fatarsa ba ta karɓar reza ko yaya aka yi, shi inji ne nasa, ka gaya masa gaskiya ko da kuɗin gyaran fuska zai wuce ka. Masu ƙurajen ƙeya da ke taruwa su yi tudu mai tauri, reza ƙara musu take yi. Su je babban asibitin jiha a duba su tun abin bai yi nisa ba.

Saura magana mafi nauyi, wadda ita ta raba ni da asaken Baba duk da ƙaunar da nake yi musu. Mutane sida suke tsoro, kuma da gaskiyarsu, amma abin da ya fi kusa da rumfar mai aski shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a 2022, kusan miliyan 65 a Afirka. Ƙwayar cutarsa ta fi ta sida saurin kamawa sau 50 zuwa 100, kuma tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai, ko fiye. Mai ɗauke da ita zai iya shekaru garau, sai daga baya ido ya yi shawara, ciki ya kumbura. Galibi tun ana yara ake ɗaukarsa, daga uwa ko a cikin gida, amma ƙofar da ke hannunmu mu ita ce aska. Shi ya sa ko a Mina, ranar da alhazai ke aski, hukumomin Saudiyya suke hana masu askin da ba su da izini, suke kuma wajabta reza sabuwa ga kowane kai.

Na daɗe ina ganin sauya reza ya wadatar. Wata rana wani majo, ma'aikacin asibiti, da nake yi wa gyaran fuska ya ce in miƙo masa askar bayan na cire rezar na ɗauraye. Ya buɗe leɓɓan biyu, ya ciro farar auduga daga aljihunsa, ya ɗiga mata alkol, ya bi gindin ƴan ƙusoshin nan da ita. Ya ɗago ya nuna mini. Audugar ta yi ja-ja, kalar tsatsa, alhali askar ba ta tsatsa. Ya ce, Malam, wannan na mutum nawa ne? Tun daga ranar ban sake ɗora mariƙi a kan mutum biyu a jere ba tare da ya shiga magani ba.

Ga yadda nake yi. Asake uku nake da su, ina juyawa. Wadda ta gama aiki in cire rezar, in buɗe ta fayau, in wanke da sabulu da tsohon burushin haƙori, don magani ba ya ratsa datti. Sannan ta shiga ruwan jabel, maganin nan na wanke fararen tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, minti goma. In jabel ɗin mai digiri 12 ne, awo ɗaya nasa, awo shida na ruwa, kuma kullum sabon haɗi. Kada ta wuce minti goman, jabel yana cin ƙarfe. In ɗauraye, in shanya, kafin aiki in goge da alkol mai digiri 70 na farmasi. Mai jikin ƙarfe zalla ana iya tafasa ta minti 20. Wutar ashana da ake lasa wa aska, ko fetur, ko turare, duk kwantar da hankali ne kawai, ba sa kaiwa cikin tsagar. Rezar kuma a gaban mutum nake buɗe ta, ya ji ƙas ɗin da kunnensa. In an yi yanka, danna da auduga mai tsabta. Dunƙulen alif guda kada ya zaga fuskokin jama'a, daka shi gari ka zuba a kwalba, ka riƙa ɗiba da sabuwar auduga. Ba toka, ba ƙasa. Jinin da aka danne minti goma bai tsaya ba, asibiti. Burushi da tawul ma a wanke tsakanin mutum da mutum. Kai kanka je a gwada jininka, in ba ka da ciwon a yi maka rigakafi, allura uku ce. Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma mu ne muka fi kowa yanke yatsa da rezar da ta taɓa wani.

Tsohuwar reza kada ta shiga shara. Yaran makaranta suna tsinta su fiƙe fensir, masu tonon bola suna sa hannu. Sami gwangwanin madara, huda masa siririyar tsaga a bisa, duk rabin da ya gama aiki ya faɗa ciki nan take, ba a kan tebur ba. In ya cika, toshe bakin ka kai asibitin unguwa inda suke tara allurai.

Ita kuma askar da ka taho da ita daga Abijan, kada ka yar da ita tukuna. Sa mata sabon rabi ka yi mata gwajin haske da tsinken ashana. In ta ci, ka ƙaro biyu irinta don juyi, ka fara da balan-balan yayin da wuyanka ke hutawa. In kuma ka ga tana rawa, ko kusurwa ta leƙo, ka taho da ita rumfata wata ranar da ba ta kasuwa ba, bayan la'asar, in duba ta, in kuma ga yadda kake riƙo.